Jawabi Kan Ruwan Ƙazanta da Kiyaye Kogunan Karkara



Kogin Calawa da Kogin Kano su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ya ratsa Jihar Jigawa, ya gamu da Kogin Jama'are, sa'an nan su miƙa ta Yobe har Tafkin Cadi. Abin da mutanen tudu suka zubar, watau ruwan makwarara, da jinin mahauta, da ruwan majema da na marina, shi ne mutanen gangare za su ɗebo su zuba a randa. Ta wannan hanya ce cutar amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da atuni suke bin gari gari. A shekarar 2021 kaɗai amai da gudawa ta hallaka mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan. Tsargiya kuwa, mai ita ne yake zuba ƙwanta cikin ruwa idan ya yi fitsari, katantanwa ta raini tsutsar, ita kuma ta huda fatar yaran da suke wanka.

Matakin farko yana cikin gida. Lalle ne a haƙa salga nesa da rijiya da aƙalla mita 30, wajen taku arba'in ke nan, kuma ta gangare da ita. Kada gindin ramin ya kusanci idon ruwa. A bar tazarar kamar mita biyu, a kuma auna da damina, lokacin da ruwa yake tasowa. Gidan da ya iya yin rami biyu ya huta, gama in ɗaya ya cika sai a rufe shi shekara biyu, abin da ke ciki ya zama taki. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuma a bi da shi cikin ramin da aka cika da duwatsu da tsakuwa, ƙasa ta shanye.

Garin da yake da kasuwa, ko makarantar kwana, ko mahauta, ruwansa ya fi ƙarfin rami. A nan sai a yi tafkuna uku a jere, a daɓe gindinsu da yumɓu. Na farko mai zurfi ne, kamar mita uku, inda dauɗa take kwanciya ta ruɓe. Na biyu ya fi fāɗi, zurfinsa mita ɗaya da rabi. A cikinsa hasken rana yake tsirar da gansakuka, ita kuma ta ba da iskar da ƙananan halittu suke bukata don cinye sauran ƙazanta. Na uku bai wuce mita ɗaya ba, rana tana ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi mako uku ko fiye kafin ya fita. Ba a bukatar inji ko lantarki, zafin ƙasar nan kuwa yana hanzarta aikin. Amma tilas a kewaye wurin saboda yara da dabbobi, a riƙa cire ciyawar gefe don kada sauro ya yi gida, a kuma yashe tafkin farko bayan 'yan shekaru. Tafkin da aka sake shi kududdufi ne kawai, kududdufai kuwa sun riga sun ishi garuruwa.

Ruwan da ya fito ya dace da ban ruwan itatuwa da masara. Kada a shayar da latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye sai ma'aikatan lafiya sun gwada shi.

Kurkunu ya kama mutum fiye da 600,000 a ƙidayar 1988, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a Nijeriya, yawancin aikin kuwa mutanen ƙauye ne suka yi shi da ƙyallen tace ruwa. A 2022 aka ayyana Jigawa jiha ta farko da ta rabu da bayan gida a fili. Garin da ya shirya haƙa tafki sai dagaci ya sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma, a auna filin tun da rani, kafin ruwa ya sauka.