Abin Da Na Koyo A Dajin Damisa

 Uwargida, a ɗan rage wutar murhu, yau tafiya za mu yi, kuma mai nisa ce: ƙasar Indiya, jihar Rajastan, wani gandun daji da ake kira Rantambor, kusa da garin Sawai Madofur.

Abin da ke kai mutane can shi ne damisa. Amma fa damisar Indiya daban take da tamu mai ɗigo-ɗigo. Ita ratsi-ratsi gare ta, ja da baƙi, kuma ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. A 1973 gwamnatin ƙasar ta keɓe dazuzzuka 9 don kare ta, Rantambor na cikinsu.

To, ni ma da ɗokin ganinta na je. Da sanyin asuba muka shiga buɗaɗɗiyar mota mai cin mutum 6, da ɗan rakiya. Ƙa'ida ita ce ba a sauka, ba a ɗaga murya, ba a jefa wa dabba abinci. Muka yi wajen awa 3 muna zagaye, ko wutsiyarta ban gani ba. Wallahi har na fara ƙunƙuni, ina lissafin kuɗin da na kashe.

Ɗan rakiyar ya lura da ni, ya ce in daina leƙen ciyawa, in ɗaga kai. Ai kuwa sai ga ɗawisu a kan katangar tsohuwar ganuwar da ke tsakiyar dajin, ya saki jela. A bakin tafki ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela, ga kada yana shan hantsi. Wani tsuntsu mai doguwar wutsiya ya sauko ya zauna a ƙarfen motarmu, ko gezau. Tsuntsayen dajin sun haura iri 250, ni kuwa tun safe ina wuce su kamar makauniya.

Washegari ya koya mini sauraro. Idan birin da ke kan bishiya ya yi wani irin tari, babbar barewar nan da suke kira sambar ta amsa da ihu, to damisa na kusa. Haka kuwa aka yi. Muka kashe mota, muka yi tsit. Can sai ga ta ta ratsa hanya, ko kallo ba mu ishe ta ba. Minti ɗaya bai cika ba, amma har yau ina jin bugun ƙirjina.

'Yar'uwa, kada ki ɗauka wannan ni'ima a banza ta samu. A 2005 aka tabbatar mafarauta sun ƙarar da damisar gandun Sariska kaf, sai a 2008 aka ɗebo wasu daga Rantambor aka kai. Ƙidayar 2006 ta nuna saura 1,411 a duk Indiya, ta 2022 kuwa ta kai 3,682. Sannan akwai waɗanda suka biya farashi: ƙauyukan da aka tasa daga cikin dajin a shekarun 1970, suka bar gonaki da makiyaya. Na ziyarci wata cibiyar sana'a a gefen gandun inda matan yankin ke ɗinki da saƙa, suna sayar wa baƙi. Da kuɗin nan suke cefane, suke sa yara makaranta. Maƙwabcin daji in yana cin moriyarsa, da wuya ya nuna wa maharbi hanya.

Saboda haka in Allah ya kai ki, ki guji Yuli zuwa Satumba, lokacin damina ne, ana rufe babban sashen dajin. Ki sa tufa marar ƙyalli, ki tafi da madubin hangen nesa, ki tafi da haƙuri. In kin fito kuma, ki tsaya wurin matan nan ki yi ciniki, kada ki matse su wajen tayi.

Nan za mu dakata. Sai wani makon in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.