Kifin Sanyi Ba Ya Zama A Umdurman: Jawabin Malamin Gona Ga Manoman Auduga

Yau ba zancen iri ko taki ya tara mu ba. Zancen kifi ne. Da yawa cikinku kuna da gida ko 'ya'ya a Khartum da Umdurman, kuma tun da aka fara komawa gidaje a 2025, bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, kowa yana neman abin da zai sa a tukunya ba sai ya je kasuwa ba. Waɗansu samari sun zo mini da hotuna a cikin waya, na wani Bature da ke kiwon kifi a bayan gidansa, ga lambu a gefe yana shan ruwan kifin. Suka ce in sun sami kuɗin audugar bana, irin wannan za su yi. To, dabarar tana da kyau. Kifin ne ba namu ba.

Ga yadda dabarar take. A sami tanki mai cin lita 1000, a zuba kifi. A gefensa a yi kwami mai zurfin santimita 30, a cika shi da tsakuwa wankakkiya, a dasa ganye a ciki. Ƙaramin famfo ya riƙa ɗaga ruwan tankin zuwa kwamin, ruwan ya ratsa tsakuwa ya komo. Kashin kifi guba ne gare shi in ya taru. Amma a jikin tsakuwan nan akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke juya gubar ta zama taki. Ganye ya sha takin, ruwa ya komo wa kifi da tsabta. Watau kifi ya ciyar da lambu, lambu ya wanke wa kifi ruwa.

Kifin da ke cikin hotunan nan Turawa na ce da shi tirawut. Kifin rafukan duwatsu ne masu sanyi. Ya fi jin daɗi in ruwa yana tsakanin digiri 12 da 18. Ya wuce 20, sai ya fara ƙin abinci. Ya kai wajen 25, sai mutuwa. A Afirka ma ana kiwonsa, amma a kan tuddai, kamar gindin Dutsen Kenya, inda mutum ke kwana da bargo. Mu kuwa nan, a watan Mayu da Yuni zafin rana yakan wuce digiri 40 kusan kullum, ruwan da aka bari a tanki kuma ya haura 30.

Wani ya ce mini sai a riƙa jefa ƙanƙara. Mu yi lissafi. Kafin a sauko da lita 1000 daga digiri 32 zuwa 18, sai an narkar da ƙanƙara fiye da kilo 100. Gobe kuma a sāke, jibi ma haka, har damina ta faɗi. Kuɗin hawasha guda ba zai riƙe wannan ba.

Abin da ya sa zafi ke kisa shi ne numfashi. Kifi yana shaƙar iskar da ta narke cikin ruwa. Ruwan sanyi yana riƙe ta da yawa, ruwan zafi kaɗan: a digiri 15 lita guda takan riƙe wajen miligiram 10, a digiri 30 kuwa bakwai da rabi. Ga shi kuma in jikin kifi ya yi ɗumi, bukatarsa ta iska ƙaruwa take yi. Abin yana raguwa, mai nema yana ƙara nema. Ku riƙe wannan, domin ko kifinmu na gida bai kuɓuta daga gare shi ba.

Kifinmu na gida guda biyu ne. Na fari karfasa, wadda Larabawa ke kira bulɗi. Ita ce aka saba gani tuli a kasuwar kifi ta Maurada a Umdurman, daga Farin Nilu da madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937. Da aka buɗe gonar gwajin kiwon kifi a Shajara, kudu da Khartum, a 1953, ita aka fi mai da hankali a kai. Ta fi girma a digiri 27 zuwa 30, kuma tana cin dusa da ganye. Na biyu tarwaɗa, watau garmuɗ. Allah Ya ba ta wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa kuke tarar da ita da rai cikin taɓon tur'a bayan an ɗauke ruwa. Wanda ba shi da tabbacin wuta, tarwaɗa ta fi masa. Sai dai a rufe tankin da raga, gama tana tsalle, kuma manya sukan cinye ƙanana.

Ni kaina na sha wannan darasi. Wata shekara, a tsakar gidanmu a Umdurman, na zuba karfasa fiye da kima don kwaɗayi. Wani dare cikin Mayu na ba su abinci da almuru, suka ƙoshi, wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya. Da asuba na tarar rabinsu sun juya ciki sama. Ba cuta ba ce, iska ce ta ƙare musu. Kifi mai cikakken ciki ya fi mai yunwa bukatar numfashi.

Saboda haka, mai farawa kada ya wuce karfasa 25 a lita 1000. Ya haƙa rami ya binne tankin har kusan wuya, domin ƙasa tana tsare shi daga rana. Ya yi masa rumfar zana mai tsawo, yadda iska za ta ratsa. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa ta wurin tsatsafo. Haka buhun algarara jiƙaƙƙe da aka lulluɓa wa gefen tanki yake yi. Ruwan da ke komowa daga kwami a bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama, da haka yake ɗaukar iska. In da hali, famfon ya zama na hasken rana mai batir, don ya kwana yana aiki. Ranar da zafi ya tsananta a rage abinci zuwa rabi, a ba su da sassafe kaɗai. In kun ga kifi sun taso sama suna buɗe baki, ku tsai da abinci, ku ɗebi ruwa da bokiti kuna kwararowa daga sama. In hadarin ƙura ya taso, a rufe. Ruwan famfon gari kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a ƙara, saboda maganin da ke ciki.

A kwami, lokacin zafi ku dasa lalo da kuɓewa da alayyafo. Latas da tumatir sai sanyi ya shigo.

Yanzu ga inda abin ya shafe ku, ku manoman auduga. Maganin feshin auduga yana kashe kifi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai wani mai suna endosulfan da aka daɗe ana fesawa a gonakin auduga, wanda ƙasashen duniya suka amince a hana shi a 2011, kuma kisan kifi yana cikin laifofinsa. Kada a ajiye kifi a duron da ya taɓa ɗaukar magani, ko an wanke shi sau goma. Kada a ɗebo ruwan tur'a a kwanakin feshi. Wanda ya dawo daga feshi kada ya tsoma hannu a tanki sai ya yi wanka ya sāke tufa. Ruwan tur'a yana kuma zuwa da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, cutar da ta daɗe tana damun mutanen Jazira, don haka a tāce shi.

Ƙulin angurya abinci ne, amma akwai wani ɗaci a cikinsa mai hana kifi girma in ya yi yawa. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar. Sauran a cika da ƙulin gyaɗa ko na riɗi, da dusa, da ɗan garin busasshen kifi.

Lokacin farawa shi ne Agusta, sa'ad da audugarku ke tasowa. A bar ruwa ya yi wata guda yana zagayawa da kifi biyar ko shida, har halittun tsakuwa su kafu, sa'an nan a zuba sauran. In Allah Ya so, zuwa Maris, kuna gama tsinkar auduga, karfasa ta kai tafin hannu, ku kwashe mafi yawa kafin zafin Afrilu. Mai tambaya sai ya ɗaga hannu.