Barkono da Japananci: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai na ƙasar Karaye da Rogo, da ƙannenmu da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa.

Kwamitin shirye-shirye ya umarce ni da in yi bayani a kan abin da na ƙaru da shi a kwas ɗin ma'aikata da na halarta a ƙasar Japan. Maimakon in cika ku da zancen ofis, sai na zaɓi abin da kowa a nan ya sani, wato barkono, domin in nuna cewa koyon harshen waje bai fi ƙarfin ɗan wannan makaranta ba, muddin ya fara daga abin da ke cikin kwanonsa.

Kalmar farko ba za ta ba mutumin Karaye wahala ba. Idan abinci ya yi yaji, Bajapane cewa yake "karai". Ka ƙara "desu" don ladabi, ya zama "karai desu", wato da yaji. In tambaya kake so, sai ka ɗora "ka" a ƙarshe: "karai desu ka?", wato da yaji? In ya yi lami, "karakunai desu". Kaɗan shi ne "chotto", sosai kuma "totemo". Wanda ya saba da miyar gidansu kuwa, ga jimlolin da za su fisshe shi: "karai mono ga suki desu", ina son abu mai yaji, da kuma "motto karaku shite kudasai", don Allah a ƙara mini yaji.

Malamanmu na Hausa za su lura da wani abu a nan. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke raba garin Rogo da garin tuwo: "obasan" da gajeren wasali goggo ce ko inna, amma in aka ja shi, "obaasan", ta koma kaka. Suna kuma ninka baƙi kamar yadda muke raba baba da babba, shi ya sa "motto" da "chotto" ke zama daram a bakin Bahaushe, alhali kuwa Bature sai ya yi ta fama. Wahalar tana wajen rubutu: akwai hiragana 46, katakana 46, da kuma haruffan kanji 2,136 da gwamnatinsu ta tsara don amfanin yau da kullum a 2010. Amma magana ba ta jiran rubutu, kamar yadda yaro kan yi surutu tun kafin a kai shi makarantar allo.

Sai dai a kiyayi wasali ɗaya. "Karai" yaji ne, "kirai" kuwa ƙiyayya ce. Baƙon da uwargida ta tambaya yaya abinci, ya ce mata "kirai desu", ya faɗa mata ke nan ba ya ƙaunar girkinta. Abin da ya kamata a ce shi ne "oishii desu", wato da daɗi.

Haka nan, abin da suke kira yaji ba lallai ne ya zama namu ba. Suna da "wasabi", wani koren abu da ake gurzawa daga saiwa a ci da ɗanyen kifi. Shi ba harshe yake kamawa ba, hanci yake hawa nan take, ya sa mutum ƙwalla, sannan ya wuce cikin ɗan lokaci. Zafin attaruhu kuwa daga wani sinadari ne mai suna kafsaisin, wanda ba ya narkewa cikin ruwa. Shi ya sa kwankwaɗar ruwa ba ta kashe shi, sai nono ko madara. Ashe iyayenmu mata sun san wannan tun ba a rubuta shi a littafi ba.

Barkonon kansa suna kiransa "togarashi", kuma baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake baƙo a wurinmu: asalinsa daga nahiyar Amurka ne, jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa shi a duniya cikin ƙarni na 16. Suna da nasu dakakken yajin, "shichimi", wato ɗanɗano bakwai, wanda ake danganta farkon sayar da shi da shekarar 1625 a birnin Edo, Tokiyo ta yau. A ciki akwai barkono, ɓawon lemo da riɗi. Mu kuma namu citta, kanumfari, masoro da kimba. Kowa da irin turminsa.

Ga Musulmi, akwai jimlolin da suka fi na yaji muhimmanci, domin naman alade na shiga romon taliyarsu da yawa, kuma suna girki da "mirin", wani ruwan shinkafa mai barasa a ciki. Ku riƙe waɗannan: "butaniku ga haitte imasu ka?", akwai naman alade a ciki? Sai "butaniku wa taberaremasen", ba na iya cin naman alade. Da "osake wa nomimasen", ba na shan giya. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya tambaya cikin harshen mai gida ya fi samun amsa ta gaskiya.

To, 'yan'uwa, me ya haɗa wannan da mu? Riɗin nan da na ambata, sunansa da Japananci "goma", kamar lambarmu ta ƙidaya. Kusan dukkan riɗin da Japan ke ci daga waje take sayo shi, kuma Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke sayar mata. Manomin arewa ne ke shuka shi, amma ciniki da riba suna hannun wanda ya iya magana da mai saye. Muna da madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye tun 1992, muna da fadamun Rogo, muna da masu noman rani. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne 'ya'yanmu da za su zauna teburi ɗaya da ɗan kasuwar waje.

Ƙofofin kuwa akwai su. Gwamnatin Japan na ba ɗaliban waje gurbin karatu na MEXT tun 1954, kuma ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nema. Hukumar JICA, wadda aka kafa a 1974, na horar da ma'aikatan gwamnati. A 2013 kuma, a taron TICAD na biyar a Yokohama, aka sanar da shirin ABE na digiri na biyu ga matasan Afirka.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, a naɗa mutum guda da zai riƙa bibiyar sanarwar irin waɗannan guraben yana kawo wa makaranta a kan lokaci. Na biyu, a kafa ƙungiyar harsuna ga ɗalibai, ko Japananci, ko Faransanci, ko Larabci, kalma biyar a mako. Ni na ɗauki alkawarin zuwa sau ɗaya a kowane zangon karatu. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.