Jawabi A Taron Wata-Wata: Idan Jinin Yaro Mai Sikila Ya Faɗi

Shugaban taro, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna garin Gombe.

An ce in ɗan yi bayani a kan 'ya'yanmu masu amosanin jini, wato sikila. To jama'a, ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ne ta mutu. Saboda haka ɓargonsa ba ya hutawa, kullum cikin ƙera sabon jini yake.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna fabobairas B19, wadda ake ɗauka ta tari da atishawa. A 1981 likitoci a Ingila da Jamaika suka gano cewa tana tsayar da aikin ɓargo na kamar mako guda. Yaro mai lafiya ɗan zazzaɓi zai yi ya warke, shi kuwa mai sikila jininsa sai ya faɗi warwas.

Yaya za a gane? Ku duba tafin hannunsa, da harshensa, da cikin fatar idonsa. In sun yi fari fat, ga kasala, ga haki, kada a ce bari mu ga gobe. Kada kuma a tsaya sayen maganin ƙarin jini a kemis. A kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha nan take.

A can za a yi gwajin PCV don auna yawan jini, a duba maleriya, a lalubi saifa ko ta kumbura ta riƙe jinin. Sannan akwai ƙidayar jariran ƙwayoyin jini. In suna da yawa, ɓargo na aiki, jinin fashewa yake ko saifa ta tare shi. In sun yi ƙaranci ƙwarai, ɓargo ne ya tsaya, kuma sau da yawa sai an yi ƙarin jini. A irin wannan hali a gwada sauran masu sikila na gidan, domin cutar tana yaɗuwa.

Roƙona ɗaya ne. Kowace uwa, kowane uba, ya tambayi likita adadin PCV na ɗansa lokacin da yake lafiya lau, ya rubuta a katinsa. Da wannan lamba likita zai gane ko jinin ya faɗi da gaske.

Allah Ya ba yaranmu lafiya.