Mutuwar Woodrow Wilson da Tambayar da Ba a Yi wa Mutanen Illo Ba

   

Na san akwai mai cewa a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Muna zaune a Illo, ga kogin Kwara, ga shinkafa a fadama, sai a ɗauko mana zancen shugaban Amurka da ya kwanta dama shekara ɗari da suka wuce. Ku ba ni aron kunnuwanku, zancen zai bi ta Paris ya sauka a Giris, mashigin jiragenmu.

Ranar Lahadi, 3 ga Fabrairu 1924, Woodrow Wilson ya cika a gidansa da ke Washington, yana da shekara 67. Kwanaki ana dakon labarin, har wasu suna durƙusawa a kan titin ƙofar gidan cikin sanyi suna yi masa addu'a, kafin likitansa Cary Grayson ya fito ya sanar. Amma ciwon ajalin ya kama shi tun 1919. Ya dawo daga taron sulhu na Paris da yarjejeniyar Versailles a hannu, a cikinta akwai Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashe, wadda ya ɗauka ita ce za ta hana duniya sake faɗawa yaƙi. Majalisar Dattawan ƙasarsa ta ja daga, Sanata Henry Cabot Lodge yana kan gaba. Sai Wilson ya hau jirgin ƙasa ya nufi yammacin Amurka don ya kai ƙara wurin talakawa, jawabi kusan 40 cikin mako uku. A garin Pueblo, ranar 25 ga Satumba, jiki ya ce ya gaji. Ranar 2 ga Oktoba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Ku dubi yadda mulkin babbar ƙasa ya koma. Shugaba yana kwance a ɗaki, matarsa Edith tana bakin ƙofa. Minista ya aiko takarda, ita za ta duba ta ga ko ta cancanci shiga, ta shiga da ita, ta fito da amsa. Mataimakinsa Thomas Marshall ya ƙi karɓar kujera, jama'a kuma ba a gaya musu girman ciwon ba. Da haka aka lallaɓa har Maris 1921. Majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar sau biyu, Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar da shugabanta ya haifa ba. Sai a 1967 suka gyara tsarin mulkinsu ya fayyace abin da za a yi idan shugaba ya kasa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan, daga Nuwamba 2009 da aka fita da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda, zuwa Fabrairu 2010 da majalisa ta ba Goodluck Jonathan riƙo. Allah ya jiƙan Malam Umaru.

Gadon da ya shafe mu yana cikin jawabin da Wilson ya yi ranar 8 ga Janairu 1918, yaƙin duniya na farko yana ci, inda ya jera sharuɗɗa 14 na zaman lafiya. Na biyar ya taɓo ƙasashen da Turawa suka mallake. Ma'anarsa ita ce, idan za a yanke hukunci a kan wata ƙasa, a ɗora maslahar mazaunanta a sikeli ɗaya da buƙatar gwamnatin da ke neman ta. Daga jawabansa na wannan shekara maganar nan ta bazu a duniya, cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar wa kanta makoma.

To, ku ajiye wannan magana kusa da abin da ya faru da ƙasar nan shekara 20 kafin a furta ta. Tarihin baka na Bargu yana cewa Bussa da Nikki da Illo 'yan'uwa ne, zuriyar Kisra. A 1894 Lugga, wato Lugard, ya yi tsere da Bafaranshe Decoeur, kowa yana son ya riga isa Nikki ya samu sa hannun sarki. A 1897 sojan Faransa suka zauna a Bussa, Ingila ta kafa rundunar da ta ɗora Lugga a kanta, saura ƙiris su gwabza a kan ƙasar da ba ta ubansu ba. Suka sasanta a Paris ranar 14 ga Yuni 1898. Takardar ta ambaci sunanmu: iyaka za ta taɓa kogin Kwara a wurin da yake mil 10 sama da tsakiyar garin Giris, mashigin jiragen Illo. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo hannun Ingila, daga baya kuma Turawa suka yanke Illo daga Bussa suka haɗa ta da Gwandu. A ɗakin da aka auna mil goman nan babu Babarge ko ɗaya, babu Badande, babu Bakenge, babu Bafulatanin da shanunsa ke shan ruwa a wurin. An yi mana aski ba ma nan.

Da maganar Wilson ta iso kunnen waɗanda aka yi wa irin wannan aski, sai suka ɗauka da su ake. A Masar, Sa'ad Zaglul ya nemi zuwa Paris ya faɗi ta bakin mutanensa, Ingila ta kama shi a Maris 1919 ta kai Malta, ƙasa ta ɗauki wuta. Wata guda bayan haka gwamnatin Wilson ta amince da ikon Ingila a kan Masar. A watan Afrilun nan ne aka kaɗa ƙuri'a a taron Paris kan shawarar Japan ta a rubuta daidaiton jinsin ɗan Adam a cikin tsarin sabuwar ƙungiyar. Wakilai 11 cikin 17 suka goyi baya, Wilson yana shugabantar zaman, ya ce sai da yardar kowa, shawarar ta mutu a nan. A gida kuma, a zamaninsa aka raba baƙaƙen ma'aikatan gwamnatin tarayya da farare, har wurin cin abinci da makewayi, kuma shi ya tura soja suka mamaye Haiti a 1915. Ba zan wanke shi ba, ko da kyautar Nobel ta 1919 da aka ba shi. Sa'ad da yake maganar al'umma, Poland da Czech yake gani a idonsa, baƙar fata ba ya cikin lissafi. Jami'ar Princeton da ya taɓa shugabanta ta cire sunansa daga makarantarta ta nazarin mulki a 2020 saboda wannan wariya.

Sai dai magana zarar bunu ce. Ta fita daga bakinsa, ba ta koma ba. A Maris 1920 Casely Hayford da takwarorinsa suka taru a Accra suna neman a daina raba ƙasashen Afirka ba da shawarar masu su ba. A Paris ɗin ma an kasa raba ƙasashen da aka ƙwace daga Jamus a matsayin ganima tsirara, sai aka kira abin riƙon amana, mai riƙo yana kai rahoto ga ƙungiya duk shekara. Da yawa sun ce sauya wa tuwo suna ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka, albarkacin kalmar amanar nan ce Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta gaji ƙungiyar Wilson, ta shirya ƙuri'ar raba gardama a Fabrairu 1961. Mutanen Mubi da Dikwa da Gashaka suka shiga layi aka tambaye su, Najeriya ko Kamaru? Suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. An tambaye su ne don Jamus ta taɓa riƙe su ta kuma faɗi a yaƙi. Mu da Ingila da Faransa suka raba, su ne kuma suka ci yaƙin, babu wanda ya zo da akwati.

Wani reshen gadon ya iso cikin kogin nan namu. Tsarin ƙungiyar Wilson ne ya tanadi kotun ƙasa da ƙasa a birnin Hague, wadda Kotun Duniya ta yau ta gada. Benin da Nijar sun yi shekaru suna jayayya a kan tsibirin Lete, can sama da Gaya da Malanville, har an taɓa zubar da jini. Suka kai gaban kotun, ranar 12 ga Yuli 2005 ta ba Nijar Lete, ta raba sauran tsibiran, kowa ya karɓa ba a harba bindiga ba. Ina ganin wannan alheri ne babba. Amma ku lura da hujjar da alƙalai suka bi: takardun gwamnonin Faransa na zamanin mulkin mallaka. Ko a ranar da aka yi adalci, takardar Bature aka tambaya kafin masunci.

Kada a fahimce ni da cewa a tayar da iyaka. Shugabannin Afirka sun zauna a Alƙahira a 1964 suka yarda a bar iyakoki yadda aka gaje su, kuma wanda ya ga abin da yaƙin iyaka ya yi wa wasu ƙasashe zai gode musu. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi.

Na taɓa shiga kwalekwale da wata dattijuwa ranar kasuwa. Da mai jirgi ya nemi kuɗinsa, ta kwance bakin zanenta na dama, naira ce a ƙulle. Ta kwance na hagu, sefa ce. Ta tambaye shi da Dandanci wanne yake so, ta juyo ta ci gaba da hira da ni da Hausa, tana ba ni labarin 'yarta da ke aure a Madekali, ƙetaren iyaka, da jikan da za ta je gani. Wannan baiwar Allah ta fi duk wanda ya zauna a Paris sanin iyakar nan. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na Najeriya, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Gwamnati tana da dalilanta, fasa-ƙwaurin shinkafa da mai da makamai gaskiya ne, mu ma mun sani. Amma kilomita 20 ɗin nan gonakinmu ne da injinan ban-ruwanmu da asibitocinmu, kuma an auna su daga nesa kamar yadda aka auna mil 10 na 1898.

Don haka, ranku ya daɗe, roƙona ga masu wakiltar yankinmu na Bagudo a Birnin Kebbi da Abuja shi ne, duk ranar da za a sake zama kan iyakar Lolo ko Tsamiya, a rufe ne ko a buɗe, su nemi a ajiye kujera ga sarakunan bakin iyaka da sarkin ruwa da shugabannin 'yan kasuwa da matan da ke ƙetarawa da kaya a ka. Ku kuma ɗalibai, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Kakanninku da suka san inda turakun iyaka suke, da wanda ya noma wace fadama kafin a kafa su, suna nan da ransu a Giris da Lolo da cikin garin nan. Ku je ku zauna da su tun kafin damina ta ja kowa gona.