Kafin Mu Aza Tubali: Matsuguni da Tallafi ga Yaran da Aka Zalunta ko Aka Yi Watsi da Su

Jawabin Kwamitin Walwala da Jin Daɗin Jama'a a babban taron shekara na ƙungiya



Muna godiya ga Allah da ya sake haɗa fuskokinmu a garin da aka yanke mana cibiya. Muna kuma godiya ga uwar ƙungiya da ta ba wannan kwamiti damar yin tsokaci a kan wata shawara da ta daɗe a bakin 'yan'uwa, wato mu haɗa kuɗi mu gina gidan marayu a nan gida. Niyya ce kyakkyawa, Allah ya saka wa masu ita da alheri. Sai dai kafin mu aza tubali, ya dace mu tambayi kanmu: su wane ne yaran da muke son ceta, kuma mene ne ainihin abin da suka rasa?

Su wane ne waɗannan yara?

Da zarar an ambaci yaro mai bukatar taimako, maraya ne ke faɗo mana a rai. Amma in muka duba da idon basira, da yawa daga cikin yaran da ke shan wuya iyayensu na raye. Akwai yaron da aure ya mutu aka bar shi a hannun kishiyar uwa. Akwai agolan da ba a ƙidaya shi in ana rabon tuwo. Akwai yarinyar da ke talla a tasha har bayan lisha, da almajiri ɗan shekara shida da aka kai shi wani gari ba guzuri ba waiwaye, da yaro mai farfaɗiya ko larurar ƙwaƙwalwa da aka kulle a ɗaki don gudun abin kunya. Akwai kuma 'yar aikatau da aka ɗauko daga ƙauyukanmu zuwa birni, wadda za mu dawo kanta nan gaba, domin maganarta ta shafe mu kai tsaye.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da tallafin UNICEF, ta gudanar da bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Sakamakon ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken ya ƙara da cewa galibin masu aikata wannan ta'asa mutane ne da yaron ya sani.

Ba mu manta da abin da ya faru a Birnin Kebbi a watan Agusta na 2020 ba, lokacin da aka ceto wani yaro ɗan kimanin shekara 10 a ɗaure a turken dabbobi cikin gidan mahaifinsa, inda rahotanni suka ce ya kusa shekara biyu a haka bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wannan yaro yana da uba, yana da dangi, yana da maƙwabta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tambaya ina yake.

Abin da gini ba ya iya yi

Duniya ta riga mu gwada tara yara a manyan gidaje. Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a ƙasar Romaniya a 1989, an iske yara fiye da 100,000 a gidajen renon gwamnati. Daga shekarar 2000 wasu masana suka bi diddigin yara 136 daga irin waɗannan gidaje a birnin Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi 'yan'uwansu kaifin basira, da saurin koyon magana, da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Dalilin a fili yake. Jariri yana bukatar fuska ɗaya da zai saba da ita, wadda in ya yi kuka za ta amsa. Ma'aikaciyar da ke kula da yara masu yawa, ta tashi aiki wata ta karɓe ta, ba za ta iya zame masa haka ba, komai tausayinta.

Saboda irin wannan ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2009 game da yaran da suka rasa kulawar iyaye, ta ce a fara neman hanyar barin yaro cikin danginsa, a kuma reni 'yan ƙasa da shekara uku cikin iyali.

A nan gida ma muna da darasi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da kimanin mutum 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sasari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyaran tarbiyya. Duk inda aka tara marasa ƙarfi a bayan katanga ba mai leƙawa, zalunci yakan sami wurin zama.

Sannan ga batun kuɗi. Rana ɗaya ake bikin buɗe gini, amma ciyarwa da albashi da magani na kullum ne. Ƙungiyar da ke rayuwa a kan kuɗin wata-wata na mambobi ya kamata ta auna nauyin kaya kafin ta ɗora a ka. Ba muna cewa gidajen marayu ba su da amfani ba ne. Gidan yara na gwamnati da ke Nasarawa a Kano, alal misali, ya daɗe yana karɓar jariran da aka tsinta. Abin da muke cewa shi ne, irin wannan gida zango ne, yaro ya ɗan huta kafin a sama masa iyali.

Gadonmu na riƙo

Ba baƙon abu muke kawowa ba. Kakanninmu ba su san gidan marayu ba, riƙo suka sani. In uwa ta rasu, goggo ko inna ko kaka ce ke ɗaukar yaro, kuma da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan 'yan riƙo ne. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta a sashe na 20, a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyalinsa. A kafala yaro yana riƙe da sunan mahaifinsa da nasabarsa da gadonsa.

Abu biyu ne suka raunana riƙo a yau. Na farko talauci: goggo na son ɗan ɗan'uwanta, amma nata ma da ƙyar take ciyar da su. Na biyu rashin sa ido: a da gida babba ne, kowa na ganin yadda ake riƙon yaro, yanzu kuwa kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Waɗannan gurabe biyu su ne ƙungiya irin tamu za ta iya cikewa.

Doka ma tana bayanmu. An kafa Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya a 2003, jihar Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuma a 2023. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro.

Shawarwarinmu

Na ɗaya, maimakon babban gini, mu kama ƙaramin gida mai ɗaki biyu ko uku a matsayin mafakar wucin gadi, a hannun dattijuwa mai amana, da sanin sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Yaron da aka ceto cikin dare ya sami wurin kwana da abinci da magani na 'yan makonni, kafin hukuma ta yanke inda zai koma.

Na biyu, mu buɗe asusun riƙo. Duk iyalin da ya karɓi yaro, a tallafa masa da hatsi da kayan makaranta da kuɗin asibiti. Sharaɗin shi ne wakilan kwamiti za su riƙa ziyara kowane wata, su duba rajistar makaranta, su kuma keɓe da yaron su ji ta bakinsa ba a gaban mai riƙonsa ba.

Na uku, kowace unguwa ta sami ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi mai unguwa, da liman, da ungozoma, da malamin makaranta, da ma'aikaciyar lafiya, domin maƙwabcin da ya ji kuka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, a kuma rufa masa asiri. In fyaɗe ne, asibiti ake fara zuwa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin sa'o'i 72 ake fara shan sa. Akwai cibiyoyi na musamman don wannan aiki, irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna. Muna roƙon iyayenmu sarakuna, kada a yarda a kashe irin wannan magana a zaure da sunan sulhu. Mai laifin da aka rufa wa asiri yau, gobe wani gidan zai shiga.

Na huɗu ya shafe mu, mu mazauna birni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Nawa ne daga cikinmu suka aiko gida a samo musu yarinyar da za ta taya uwargida aiki? Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ita ke raka 'ya'yanmu bakin motar makaranta ta dawo ta hau wanke-wanke. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma hukuncinsa ɗauri ne. Muna ba da shawarar kowane reshe ya rubuta sunayen yaran garinmu da ke gidajen mambobinsa, kowane mamba kuma ya ɗauki alkawarin sa su makaranta tare da nasa 'ya'yan.

Na biyar, kada tallafi ya tsaya da zarar yaro ya balaga. Saurayi na bukatar sana'a da jari, budurwa na bukatar karatu da mai tsaya mata. Lauyoyinmu su taimaka wajen tsare gadon marayu, gona ce ko gida, har su mallaki hankalinsu. Likitocinmu da malaman jinyarmu su ware mana ko da kwana ɗaya a wata.

A duk wannan aiki, mu kiyaye mutuncin yaran. Kada mu ɗauki hotonsu riƙe da buhun shinkafa mu watsa a Facebook ko WhatsApp. Yaro zai girma, hoton kuwa yana nan.

Kammalawa

'Yan'uwa, mun san gini ya fi daɗin nunawa. Ana yanka kirtani, a liƙa allo mai sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Aikin da muke kira gare shi ba shi da allo, kuma ba ya ƙarewa. Amma Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon wannan taro ya amince a karkatar da kuɗin da aka yi niyyar tarawa domin gini zuwa ga mafaka da asusun riƙo, a kuma ɗora wa wannan kwamiti alhakin kawo cikakken rahoto a taron baɗi: yara nawa aka tallafa wa, nawa ke makaranta, nawa aka kashe.

Allah ya raya mana zuriya, ya jiƙan iyayen da suka riƙe mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.