Bambancin Ƙunshin Abu da Nauyinsa: Darasi Daga Ma'aunan Maraɗi

A bakin ƴan kasuwar Maraɗi, kalmar nauyi tana ɗauke da ma'ana biyu da ilimin kimiyya ya raba. Ta farko ita ce yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda masana ke kira mas, ana auna shi da kilo. Ta biyu ita ce ƙarfin da ƙasa ke janyo jikin da shi, ana auna shi da niyuton. Buhun gero mai kilo 100 da aka cika a Tibiri, ko an kai shi duniyar wata kilo 100 ne, domin ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Nauyinsa ne zai faɗi, daga niyuton 978 zuwa kimanin 162, tunda janyowar wata kashi ɗaya ce cikin shida na ta duniya.

Ko a doron ƙasa janyowar ba ɗaya ba ce. Duniya tana juyawa, kuma ta fi kumbura a tsakiyarta, shi ya sa ma'aunin janyowar yake 9.78 a layin da ya raba ta biyu, amma 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Wani Bafaranshe mai suna Jean Richer ya ga alamar haka a Cayenne a 1672, lokacin da agogonsa mai lilo, wanda aka saita a Paris, ya riƙa yin baya da minti biyu da rabi kullum. Isaac Newton ya bayyana dalili a 1687.

Maraɗi tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, a daraja 13 da rabi arewa, don haka janyowarta ba ta kai ta Paris ba, wadda ke 9.81. A nan ne zancen ya shiga kasuwa. Tiya girman hatsi take aunawa, babu ruwanta da wannan lissafi. Sikeli mai faranti biyu yana gwada kaya da dutsen awo, ƙasa kuwa tana janyo su daidai wa daida, saboda haka amsarsa ɗaya ce a Jiratawa ko a wata. Sikelin rataye da na lantarki kuwa janyowa suke ji, sannan su rubuta ta da sunan kilo. Idan a Paris aka saita irinsu, buhu mai kilo 100 zai nuna ragi na kimanin giram 270 a Maraɗi.

Ga mai sayen buhu ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga manomin da ya ɗora tan 30 a mota, ragin ya kai kilo 80, kuma guminsa ne ya tafi a banza. Wajibi ne duk sikelin rataye ko na lantarki da ya shigo Maraɗi a sake saita shi a nan da ingantaccen dutsen awo kafin a ɗora masa kayan kowa.